Likitar da ta koyi kama bakinta

Ranar da na gaya wa Babana cewa na shiga karatun zama koci, yana zaune a zaure yana ɓarar gyaɗar iri. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Koci? Irin na Kano Pillars?" Na ce a'a Baba, ba na ƙwallo ba. Ya ce, "To su wa za ki horar, ke da ko tseren yara ba ki taɓa ci ba?" Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ni kaina ba ni da kalmar da zan ba shi. Har yau ma da ƙyar nake samunta. Abin da dai zan iya cewa shi ne, irin wannan kocin zama yake da mutum yana yi masa tambayoyi har ya gano mafita da kansa.

A wani ƙauye na ƙasar Ringim aka haife ni. Babana manomin gero da riɗi ne, kuma shi ya tsaya kai da fata sai na yi boko, a lokacin da sa'o'ina ke ta shiga ɗakin miji. Na yi karatun likita a Jami'ar Bayero, na gama a 2012, na yi shekarar sanin makamar aiki, na yi bautar ƙasa, a 2014 aka tura ni wani babban asibiti a wata ƙaramar hukuma ta Jigawa. Abin da karatun likita ke dasa wa mutum shi ne ya zama mai amsa. Ana zagayen marasa lafiya, babban likita ya juyo ya jefo maka tambaya, amsa ta fito nan take ko ka sha kunya. Kuma haka ya dace. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta bukatar a tsaya ana tambayar ta ra'ayinta, tana bukatar wanda ya san abin yi kuma zai yi shi yanzu. Matsalar ita ce in ka shekara goma kana haka, sai abin ya bi jikinka, ka riƙa rubuta wa kowa magani: mijinka, 'ya'yanka, mai gadi, har mai kawo maka nono.

A takarda mu uku ne likitoci a asibitin. A zahiri, zuwa 2022, ni ce da wani ɗan bautar ƙasa. Ranar kasuwa sai in ga mutum sama da 80 kafin la'asar, ga ɗakin haihuwa, ga tiyata, ga kiran dare.

Daminar 2022 ba za ta fita daga ran ɗan Jigawa ba. Ruwa ya ci gonaki, ya kwantar da gidaje, ya yanke hanyoyi tun daga Ringim har Haɗeja. Wani dare wajen ƙarfe biyu aka shigo da wata yarinya da ba ta wuce shekara 17 ba, cikin fari, tana jijjiga, ta taune harshe jini na bin gefen bakinta. Dare na biyu ke nan ban ga katifata ba. Na sa aka yi mata allurar magnesiyam, aka sa mata robar fitsari, jijjigar ta lafa, muka shiga tiyata. Uwar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba. Na fito ko safar hannu ban cire ba, na tarar da surukarta a tsugune a bakin ƙofa, na hau ta da faɗa a gaban mutane. Na ce ina kuke tun jiya? Kun zauna kuna ɗura mata jiƙe-jiƙe, sai da kuka ga ta kusa tafiya sannan kuka tuna da asibiti! Tsohuwar ta bari na gama. Sai a lokacin idona ya kai kan zanenta, jiƙe yake sharkaf har ƙugu, laka ta bushe mata a ƙwauri. Ta ce, "Likita, tun la'asar muka baro gida. Amalanke ta kai mu bakin ruwa, muka zauna jiran kwalekwale har bayan isha'i. Ki yi haƙuri."

Ita ce ta rasa jika, ita ce kuma ke ba ni haƙuri.

Na shiga ofis na zauna ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Ban ji komai ba, kamar an ɗauke wuta a ƙirjina. Wannan ya fi faɗan da na yi ba ni tsoro. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta na cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da aiki ke jawowa, da alamu uku: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, zuciyar da ta yi nisa da aikin har ta fara raina shi, da jin cewa ba ka tsinana komai. Na san wannan a karance, na ma taɓa koyar da shi. Ban taɓa auna kaina da shi ba. Abin da na yi shi ne na fara haɗa takardun tafiya Saudiyya. Ba ni kaɗai ba ce kuwa: a 2024 ministan lafiya, Farfesa Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara biyar. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu.

Ana cikin haka wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, wadda ke aikin likita a Ingila, ta kira ni ta WhatsApp. Ta ce, "Ƙawata, taimako za ki yi min. Ina karatun koci, ana bukatar in tara sa'o'in zama da mutane, ki ba ni minti 45 duk bayan mako biyu." Na amsa don kara kawai.

A zaman farko na yi minti 20 ina zazzage mata: albashi, janareta, rashin jini a ma'ajiya, mazan da ba sa sa hannu a takardar tiyata sai an kira wan babansu. Ta saurara har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "A cikin duk waɗannan, wanne ne a hannunki?" Raina ya ɓaci. Na ce ke fa likita ce, kin san halin da ake ciki, ki faɗa min abin da zan yi mana. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta yi shiru, shirun da har na duba wayar ko sabis ne ya ɗauke.

Sai a zama na uku abin ya fito, kuma daga bakina ya fito. Akwai ungozomomi a asibitin da suka fara karɓar haihuwa tun ina firamare, amma ba na bari su yi ɗinki ko su sallami mai jego sai na zo na gani da idona. Duk takardar da aka rubuta sai na sake bi. Ta ce, "Me kike tsoron zai faru in ba ki zo ba?" Na ji kaina ina cewa: in mace ta mutu, za a ce ai dama likitar mace ce. Shekara takwas ina ɗauke da wannan ban taɓa furta shi ba, ko ga maigidana. Da ƙawata ce ta gaya min haka da na musa, na ce ta manta yadda gida yake. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni na nuna wurin da yatsana. A makon na zauna da shugabar ma'aikatan jinya, muka rubuta a takarda ɗaya irin matsalolin da dole a tashe ni a kansu, sauran kuwa su ji da su. Ta karɓi takardar ta ce, "Dakta, da ma jira muke ki gaji." Daren nan na yi barcin sa'a shida a jere. Takardun Saudiyya suna nan cikin akwati, ban yaga su ba, ban kuma tura ba.

Daga nan na fara binciken yadda ake koyon abin. Farkon abin da na gano ya kamata duk likitan da ke sha'awa ya sani: wannan aiki ba shi da mai tsaron ƙofa irin na likitanci. Ni ba zan taɓa mara lafiya ba sai da lasisin Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, wanda ake sabuntawa duk shekara. Koci kuwa, kowa na iya wayar gari ya buga kati ya kira kansa haka. Shi ya sa Facebook ta cika da masu sayar da takardar shaida ta kwana biyu. Abin da ke raba tsaki da tsakuwa shi ne ƙungiyoyin da masu sana'ar suka kafa da kansu. Mafi girma ita ce ICF, wato ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, wadda Thomas Leonard ya assasa a Amurka a 1995. Akwai kuma takwararta ta Turai, EMCC. Ita ICF ba ta koyarwa, makarantu take tantancewa, sannan ta ba da shaida hawa uku. Na farko, ACC, yana bukatar aƙalla sa'a 60 na karatu da sa'a 100 na zama da mutane. Na biyu, PCC, sa'a 125 na karatu da sa'a 500 na aiki. Na ƙoli, MCC, sa'a 200 da sa'a 2,500. Bayan haka akwai sa'a 10 tare da wani gogaggen koci da zai riƙa sauraron aikinka yana yi maka gyara, a tsawon aƙalla wata uku, sai jarrabawa a kwamfuta. Shaidar kuma ba ta har abada ba ce, duk shekara uku ake sabunta ta. Digirin likita ba ya rage maka ko sa'a ɗaya a cikin wannan, kuma daga baya na fahimci dalili.

Kuɗin karatun da dala ake biya. Na yi rajista a farkon 2023, na biya kashin farko, sai ga watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, kafin shekara ta zagayo ta wuce 1,500. Sarƙa da ɗankunnen gwal na lefena su suka biya ragowar. Innata ba ta sani ba sai bayan wata shida, kuma ba ta yafe wa karatun ba har gobe.

Darasi da dare ake yi ta Zoom, saboda 'yan ajin a warwatse suke a duniya. A gidan da nake sabis ba ya shiga ɗaki. Wurin da yake kamawa sosai shi ne matakala ta huɗu ta tankin ruwan asibiti. Nan nake zama da hijabi da maganin sauro, waya a jingine da ƙarfe, maigida yana gida da yara. Masu gadi sun daɗe suna zaton wani abu ya taɓa ni.

Karatun kansa bai yi min wuya ba. Wanda ya haddace jijiyoyin hannu ba zai ji tsoron ƙa'idoji takwas na aikin koci ba. Wuyar tana wajen aikatawa. Aka ce kowa ya naɗi zamansa da wani, da izininsa, ya kawo. Na naɗi zaman minti 30 da wata malamar asibiti, na rubuce shi kalma-kalma da Hausa, na mayar da shi Turanci don malamarmu ba ta jin Hausa, na tura ina jin na burge. Ta dawo min da shi ta ƙirga: a cikin minti 30, ni na cinye 19. Ta kuma ja layi a ƙarƙashin tambayoyina. "Ba kya ganin ya kamata ki yi wa shugabarki magana?" "Kin gwada tashi da wuri?" Ta ce waɗannan ba tambayoyi ba ne, takardar magani ce aka sa mata alamar tambaya. Na ji haushi na kwana biyu, don gaskiya ta faɗa. Ita ta tuna mana da binciken da Beckman da Frankel suka yi a Amurka a 1984, inda suka gano cewa likita kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayaninsa. Washegari na roƙi wata nas ta auna ni da agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Ta dawo tana dariya ta ce, "Dakta, ke Baturen ma ya fi ki haƙuri."

Dabarar da ta cece ni carbi ce. In mutum ya gama magana, sai in ja ƙwaya goma a ƙarƙashin hijabi kafin in ce uffan. Sau da yawa kafin in kai ta bakwai ya ci gaba da kansa, kuma abin da ke fitowa bayan wannan shirun shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Na farkon duk share fage ne.

Sai kuma abin da babu malamin da ya koya min, wato yadda ake yin wannan da Bahaushe. Mu a wajenmu babba shi ke magana, ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce to. Mun san nasiha, mun san shawara, mun san faɗa. Wanda ya yi karatu ya zauna yana tambayar ka, sai a ɗauka bai sani ba ne, ko kuma tarko yake ɗana maka. In ka ce wa mutum ya gida, lafiya lau ne ko da gidan na ci da wuta. Na tambayi wani jami'in lafiya, dattijo mai furfura, me yake so ya cim ma a aikinsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, duk abin da Allah ya zaɓa." Kuma bai yi ƙarya ba, amsar mumini ke nan. Tambayar ce ba ta yi ba, na kwaso ta ne ɗanya daga littafin Turawa. A zama na gaba, bayan mun yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar ya ruwa ya shuka, na ce, "Baba, in Allah ya kai mu kaka da rai da lafiya, wane abu ne za ka so a ce ka sauke daga wuyanka?" Ya yi shiru, na ja carbina. Ya ce akwai wani yaro da ke ƙarƙashinsa da ke karɓar kuɗi a hannun mata masu zuwa awo, ɗan aminin mahaifinsa ne, shekara biyu ya kasa yi masa magana. A kan wannan muka yi wata uku. Ban taɓa ce masa ga abin da za ka yi ba. Shi ya zaɓi ya fara zuwa wajen uban yaron tukun, hanyar da ni ba za ta taɓa zuwa min a rai ba, kuma ita ta yi aiki.

Tun daga nan in an tambaye ni, nakan ce aikin rakiya ne. Baƙo ya tashi tafiya, ka taka masa zuwa bakin hanya kuna hira. Ba kai ka zaɓa masa garin da za shi ba, ba kuma za ka bi shi har gida ba.

Tara sa'a 100 a karkara wani aiki ne. Ƙa'ida ta ce aƙalla mutum takwas, kuma sa'a 75 daga ciki su zama na biya. Waɗanda ke ƙarƙashinka kai tsaye a wurin aiki ba sa shiga lissafi, don wanda ke sa hannu a takardar hutunka ba za ka buɗe masa cikinka ba. Dole na nemi mutane a wasu asibitocin da ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙauyuka. Wa zai biya kuɗi a nan don a yi masa tambayoyi? Allah ya sa ƙa'idar ta yarda da musayar kaya a madadin kuɗi. Littafin lissafina yana nan: kwanon riɗi, ƙwan zabi 20, man shanu kwalba ɗaya, wata ungozoma kuma ta yi wa 'yata kitso har sau huɗu.

Akwai kuskuren da na yi wanda har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Wani matashin likita da ke aiki shi kaɗai a wani gari ya nemi mu riƙa zama ta waya, ya ce yana so ya tsara karatun jarrabawar ƙwarewa. A zama na biyu ya ambaci cewa ba ya barci, abinci ba ya masa daɗi, ya daina kiran gida. Da a ɗakin duba marasa lafiya ya faɗa min haka, da nan take na gane. Amma ina cikin ɗokin sabuwar sana'a, ina ta murnar na iya yin shiru, sai na tambaye shi wane mataki yake ganin zai ɗauka. A zama na uku ya ce wani lokaci yana jin da ma babu shi. Na ajiye carbin. Na ce masa daga yanzu ba koci ke magana da kai ba, yayarka ce kuma likita. Na yi masa tambayoyin da ake yi kai tsaye, na nemi izininsa na kira wansa, washegari aka kai shi Kano wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa ne sosai, ya sha magani, ya samu sauƙi, yana nan yana aiki. Ƙa'idojin sana'ar sun faɗa ƙarara cewa koci ba mai magani ba ne, in ya ga abin da ya fi ƙarfin zamansa ya tura mutum inda ya dace. Mako biyu na ɓata wa yaron nan, ni da na fi kowa sanin alamun.

Na samu shaidar ACC a 2025. Ba ta ƙara min ko kwabo a albashi ba. Kuma ba na son a yi min fahimtar da ba ita ba. Akwai binciken da asibitin Mayo na Amurka ya fitar a 2019, likitoci 88 aka raba biyu, rabi suka yi zama shida da koci cikin wata biyar, gajiyar zuci ta ragu a wajensu, ta ƙaru a wajen sauran. Na yarda da shi, don na gani a jikina. Amma waɗannan likitoci ne da ba su taɓa yin tiyata da fitilar waya ba. Tambaya mai kyau ba ta kawo man janareta, ba ta haifar da likita na biyu. Duk shugaban da zai kawo wa ma'aikatansa koci don su daina ƙorafin abin da haƙƙinsu ne, zalunci ya yi musu da sabon salo, kuma na taɓa ƙin karɓar irin wannan aikin. Abin da na ga yana yi shi ne ya raba wa mutum kayan da aka ɗora masa da kayan da ya ɗora wa kansa. Nawa na biyun sun fi yawa fiye da yadda na zata.

Yanzu ina da mutum shida da muke zama, yawancinsu matasan likitoci da ungozomomin da aka tura ƙauye su kaɗai. Da safe ina nan a likitata, in jini ya ɓalle ba na tambayar kowa ra'ayinsa. Sai dai mai hawan jinin da ya daina shan magani, maimakon faɗan da na saba, nakan tambaye shi me ya hana. Wani ya ce kuɗi, wani ya ce yawan fitsari na karya masa alwala a gona, wani kuma an ce masa maganin na rage ƙarfin namiji. Kowanne da abin da za a yi masa, kuma da can ba na jin ko ɗaya.

Da sallar layya da ta wuce na je gida. Ina daga soron ciki na ji wani abokin Baba yana tambayar sa wai me 'yar tasa ke yi yanzu, an ce ta canza aiki. Baba ya ce, "Tana nan a likitarta. Sai dai ta ƙaro wani karatu: ka zo ka gaya mata ciwonka, ka gaya mata maganin, sannan ka biya ta." Suka kwashe da dariya. Na leƙo na gaishe su, na ce Baba ai ko kai ka zo zan karɓe ka. Ya ce shi ba shi da ƙwan zabi.